Tara kan sarkin tunawa da yaƙi: yadda ake gane na gaske, a kimanta shi, a adana shi

Duk lokacin da wani babban yaƙi ya cika shekara 25, 50, 75 ko 100, hukumomin gidan waya na ƙasashe kan buga kan sarki na musamman. Kan sarki na yau da kullum ana ta sake buga shi shekara da shekaru, amma na tunawa sau ɗaya ake buga shi, a sayar na wasu watanni ko shekara guda, sannan a janye ragowar. Wannan janyewar ce ke sa sabon shiga ya ɗauka cewa duk wanda ya riƙe irinsa ya riƙe dukiya.

Ba haka abin yake ba. Kan sarkin da Amurka ta fitar a watan Yulin 1945, mai hoton sojoji suna kafa tuta a tsibirin Iwo Jima, an buga shi sama da miliyan 137. Jama'a sun yi ta saye falle-falle suna ɓoyewa, domin kowa ya ga abin tarihi ne. Shekaru masu yawa sun shuɗe, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da kowa ya ɓoye ba ya yin wuya, abin da ba ya wuya kuma ba ya tsada. Wanda zai shiga wannan harka ya shiga don abin da ke jikin takardar, wato yadda kowace ƙasa ta zaɓi ta tuna yaƙinta, da abin da ta nuna, da abin da ta kau da kai a kansa. Dillalin da ya ce maka jari ne mai hauhawa, kayansa yake son kashewa.

Aikin farko shi ne shata iyaka. Yaƙin Duniya na Biyu kaɗai ya haifi dubban kan sarki, ba mai iya tara su duka. Tsibiran Marshal kawai sun fara wani jeri a 1989, suka bi yaƙin aukuwa bayan aukuwa har 1995, guda sama da ɗari. Wani ya kan zaɓi shekara ɗaya, wani faɗa ɗaya kamar saukar sojojin ƙawance a Nomandi ran 6 ga Yuni 1944, wani kuma ƙasa ɗaya. A ganina wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne jerin nasara na 1946, don yana da iyaka sananniya, ba ya cin kuɗi, kuma yana koyar da kusan duk abin da mutum zai buƙata nan gaba.

Ga yadda yake. An yi faretin nasara a Landan ran 8 ga Yuni 1946. Ingila ta buga zane ɗaya ga ƙasashe fiye da arba'in da ke ƙarƙashin mulkinta: kan Sarki Joji na Shida a gefe, ginin majalisar dokoki a bakin kogi, da kwanan watan faretin. Sunan ƙasa da kuɗi da launi kaɗai ke canzawa, kowace ƙasa guda biyu. Na Nijeriya su ne na ahu, wato kwabo ɗaya da rabi, mai ruwan ƙasa, da na kwabo huɗu, shuɗi. Na ƙasar da ake kira Gana a yau kwabo biyu ne da kwabo huɗu. Babu hoton soja ko ɗaya daga cikin dubban 'yan Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82. Sarki da majalisarsa aka sa, kuma wannan ma darasi ne ga mai karatun kan sarki.

Afirka ta Kudu ta yi nata daban tun Disamban 1945, kuma a nan ne sababbin shiga ke tafka asara. A falle ɗaya, wannan an rubuta shi da Turanci, na kusa da shi da Afirkans, haka har ƙarshe. Ana tara su ne biyu-biyu a manne. Wanda ya raba su ya rage musu daraja ƙwarai, kuma ba a mayar da su.

Ɓangaren Faransa ya fi ba da labari. A 1946 aka buga jeri mai guda shida na wasiƙar jirgin sama, daga na dala ɗaya, wato faran biyar na kuɗin Faransa, zuwa na dala goma, mai bin sawun rundunar Janar Leclerc daga Chadi zuwa kogin Rayin: Chadi, Kufra, Maret, Nomandi, Faris, Sitirasbug. Dalilin farawa da Chadi shi ne gwamnanta Félix Éboué ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun 26 ga Agusta 1940, kuma daga can aka kutsa hamada aka ci Kufra a 1941. Wanda ke neman na Nijar kada ya wahalar da kansa neman sunan ƙasar a jiki. A wancan lokaci kan sarki ɗaya ake amfani da shi a duk Afirka ta Yamma ta Faransa, saboda haka hatimin gidan waya ne kaɗai zai nuna an liƙa shi a Damagaram ko Maraɗi ko Yamai. Haka ma kan sarkin Nijeriya na 1946 mai hatimin Mubi ko Bamenda, a yankin Kamaru na Ingilishi aka yi amfani da shi, domin na Nijeriya suke saye. Hatimin ƙaramin gari da ya fito raɗau, ana karanta sunan gari da kwanan wata, ya fi na Ikko wuyar samu nesa ba kusa ba.

Sai mutum ya san kwanakin, in ba haka ba zai ɗauka kuskure aka yi. Ƙasashen Yamma 8 ga Mayu suke tunawa da ƙarshen yaƙi a Turai, Rasha kuwa 9 ga Mayu, saboda lokacin da aka sa hannu a Balin dare ya riga ya raba a Mosko. Japan ta sanar da miƙa wuya 15 ga Agusta 1945, aka sa hannu 2 ga Satumba, Sin kuma 3 ga Satumba take tunawa. Faɗan Galifoli na 1915, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ostareliya da Niyuzilan 25 ga Afrilu suke tunawa da shi, Turkiyya kuma 18 ga Maris, ranar da ta kore jiragen ruwan ƙawance. Mai tara faɗa ɗaya ya nemi na ɓangarorin biyu ya jera su a shafi guda, a nan daɗin abin yake.

Akwai kuma waɗanda suka tayar da ƙura. A Satumban 1965 Ingila ta fitar da guda takwas na cika shekara 25 da yaƙin sararin samaniyarta: shida na kwabo huɗu a manne wuri ɗaya, kowanne da zanensa, sai na nai, sai na sule da taro. A ɗaya daga cikin shidan ana ganin tambarin 'yan Nazi a wutsiyar jirgin Jamus da aka kakkaɓo, kusa da kan Sarauniya, kuma mutane sun yi ta ƙorafi. An dai fitar da shi. Shidan nan a dunƙule ake ajiye su. Kuma iri biyu ne, akwai na fili, akwai mai ratsin wani sinadari da injin rarraba wasiƙu ke gani. In ka karkata shi ga haske za ka ga ratsin a tsaye, dishi-dishi kamar sawun ruwa. Kowanne da lambarsa da farashinsa a kundin masu tarawa.

Amurka ta buga falle ɗaya kowace shekara daga 1991 zuwa 1995, kan sarki goma kewaye da taswirar duniya. A shirin na 1995 an sa hoton hayaƙin bom ɗin nukiliya, Japan ta nuna ɓacin ranta a ƙarshen 1994, aka cire shi aka sa Shugaba Truman yana sanar da miƙa wuya. A Disamban 2018 ma gidan wayar Ingila ta nuna zanen da ta ce saukar Nomandi ce, masana suka gane hoton sojojin Amurka ne a gaɓar Niyugini, aka janye shi tun ba a buga ba. Abin lura a nan shi ne duka biyun ba su taɓa fitowa daga gidan waya ba. Duk wanda ya tallata maka ɗaya a matsayin kan sarki, hoto ne wani ya buga ya huda masa gefe.

Wannan ya kawo mu ga babbar matsalar wannan fanni, wato bugun bogi da sunan ƙasashe. Tun shekarun 1990 ake cika kasuwar intanet da falle masu ƙyalli ɗauke da jiragen yaƙi da tankoki da janar-janar, an rubuta Nijar ko Chadi ko Mali, alhali gidan wayar ƙasar bai san da su ba. Ƙasashen sun sha kai kuka ga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, ita kuma tana rarraba takardar gargaɗi, har ta kafa rajistar lambobi a 2002 inda ƙasashen da suka shiga ke shigar da abin da suka fitar. Hanyar tantancewa ita ce a duba ko yana cikin manyan kundayen nan huɗu: Stanley Gibbons na Ingila, Scott na Amurka, Michel na Jamus, Yvert et Tellier na Faransa. In shekaru sun wuce babu shi a ko ɗaya, a bar shi. Akwai kuma na tsaka-tsaki, wanda ƙasa ta ba wani kamfanin waje izini ya buga da sunanta. Halattacce ne a takarda, amma da wuya ka ga an liƙa shi a wasiƙa, kuma ranar da ka so sayarwa babu mai taya shi. Bugun da aka ɗora rubutu a kan tsohon kan sarki, kamar na Kamaru mai kwanan wata 27-8-40, shi ma ana yawan ƙirƙirarsa, domin ɗora rubutu ya fi buga sabo sauƙi. Mai tsada daga cikinsu ba a sayensa sai da takardar shaidar ƙwararru.

Daraja kuwa a lafiyar takardar take. Bayan sabon kan sarki akwai danƙo, kuma masu saye a baya suke fara dubawa. Wanda danƙonsa bai taɓu ba shi ne na sama. Sai wanda aka taɓa liƙa masa 'yar takardar riƙewa ta bar tabo, wanda ga kayan 1946 zuwa yau yakan faɗi zuwa rabin kuɗin na farko ko ƙasa da haka. Sai wanda aka aika wasiƙa da shi. Akwai na huɗu da ke ruɗin mutane: an buga masa hatimi a kusurwa, tsaf-tsaf kamar an zana, amma bayansa danƙo cike. Wannan bai taɓa ganin wasiƙa ba, hukuma ce ta buga masa hatimi falle-falle don ta sayar wa masu tarawa da araha. Yawancin kan sarkin 9 ga Mayu na Tarayyar Sobiyet da ke yawo a kasuwa irinsu ne. Ba laifi a ajiye su, laifin shi ne a saye su da kuɗin na gaske.

Wasu na shafa sabon danƙo don su ɓoye tabo. Ana gane shi a bakin haƙoran gefe. A wurin bugu danƙo ake fara shafawa sannan a huda, saboda haka haƙorin asali yana da laushi da 'yan zaruruwan takarda. Wanda aka sake wa danƙo, haƙoransa sukan yi tauri da ƙyalli, wani lokaci har danƙon ya tsallako gaba.

Kayan aiki ba su da yawa. Na farko matsefata mai faffaɗan baki marar kaifi, wadda aka yi don kan sarki. Yatsa na barin gumi da maiƙo, ba a ganinsa yau, sai bayan shekara biyu ya fito ja. Matsefatar cire ƙaya ko gashi kuma tana huda takarda. Na biyu madubi mai ƙara girma sau goma. Na uku ma'aunin haƙora, wanda ke ƙirga huji nawa ne a cikin santimita 2. Ana jan kan sarkin a kansa har haƙora su hau ɗigo-ɗigon daidai, a auna sama sannan gefe, kuma haka ake rubutawa, misali 13½ da 14. Bambancin rabin huji na iya zama bambancin bugu biyu, kuma jerin nasara na Gana yana da irin wannan. Na huɗu ɗan baƙin faranti da ruwan duba ɓoyayyen tambarin cikin takarda. A kife kan sarkin, a ɗiga biyu ko uku, tambarin zai bayyana na 'yan daƙiƙu kafin ruwan ya tashi. A na 1946 kambi ne da harufa CA a warwatse. Ruwan nan kuma yana tona asirin inda takarda ta sirance ko aka yi mata ɗori, domin wurin yakan yi duhu. Kada a musanya shi da fetur ko kananzir, suna narka tawadar wasu bugun, musamman masu launi da yawa na shekarun 1960. Wanda ya yi nisa zai buƙaci fitilar nan mai shuɗin haske ta duba sinadari, amma ba a kallon ƙwanta kai tsaye, tana cutar da ido.

Cire kan sarki daga ambulan yana da ƙa'ida. A yanke takardar a bar kamar santimita ɗaya kewaye. A zuba ruwa mai ɗan ɗumi, wanda hannu ba ya jin zafinsa, a saka guda ashirin ko ƙasa da haka, a bar su minti 10 zuwa 15 har su saki da kansu. Ba a ɓamɓarowa, ɓamɓara ce ke sirantar da baya. A ɗauraye a wani ruwan mai tsabta don danƙo ya fita duka, a kife su a kan farar takarda mai shan ruwa, in sun sha iska a sa su tsakanin takardu biyu a danne da littafi mai nauyi kwana ɗaya. Jarida ba ta yi, tawadarta na kamawa. Jan ambulan ko kore a ware shi, a jiƙa shi shi kaɗai a ruwan sanyi, don rininsa na zuba ya ɓata sauran. Na zamani masu manne da kansu, irin na Amurka da Ingila, da yawansu ruwa ba ya sakin su, gara a yanke takardar daidai a bar su a kai.

Ajiya ce ke kashe yawancin tari, musamman a ƙasa mai zafi. Abin da takarda ke so shi ne danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari da ɗaki mai sanyi-sanyi. Da damina danshi kan wuce haka, danƙo ya jiƙe ya kama shafi, sannan wasu jajayen ɗigo kamar tsatsa su fito, su fara daga haƙora, kuma suna yaɗuwa zuwa maƙwabta. Da hunturu kuma danƙon kan bushe, kan sarkin ya nannaɗe, wanda ya miƙe shi da ƙarfi ya tsage shi. Maganin shi ne akwati mai rufuwa ruf, a sa ƙwayoyin nan masu tsotse danshi irin na cikin kwalin takalmi, a riƙa busar da su a mayar. Albam a tsaye ake ajiye shi kamar littafi a kanta. In aka jibga su kwance, nauyi da zafi za su manne komai. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da bango saboda gara, a riƙa buɗe shafukan suna shan iska ko sau ɗaya a wata. Rana kuma tana cin launi, ja da ruwan ɗorawa ne ke fara kodewa, don haka ba a rataye na ƙwarai a bango. Sabo mai danƙo a sa shi a kuben roba da aka yi dominsa. Leda mai laushi mai warin roba, irin ta albam ɗin hotuna mai araha, tana fitar da maiƙo ta canza launi. Salatif da gam na ofis kuwa ba sa kusantar kan sarki ko kaɗan. In biyu sun riga sun manne, kada a ja. A jiƙa su, a haƙura da danƙon, a tsira da fuskar.

Farashin da ke cikin kundi na dillali ne mai sayar da lafiyayye guda ɗaya, ba abin da za a ba ka ba ne. Kayan da suka yi yawa sukan tafi a kan kaso kaɗan na wannan adadi. A kowane jeri kuma akwai guda ɗaya da ke ɗauke da kusan duk kuɗin, galibi mai babban farashi da ba a buga da yawa ba. A jerin Ostareliya na 1935, na cika shekara 20 da Galifoli, na kwabo biyu ja yana ko'ina, baƙin na sule ɗaya shi ne mai wuya. Saboda haka a sayi jeri cikakke lokaci ɗaya, ya fi sauƙi da a tara masu araha a dawo neman guda ɗaya. Ambulan ɗin ranar fitowa, masu zane da hatimi na musamman, ana buga su dubbai ga masu tarawa. Wanda aka ce tsohon matuƙin jirgin yaƙi ya sa wa hannu, a tambayi wa ya shirya sa hannun, guda nawa aka yi, da lamba a baya, domin sa hannu ya fi komai sauƙin kwaikwayo.

Abu ɗaya da ba a jiƙawa ko a yanke shi ne tsohuwar wasiƙa cikakkiya ta lokacin yaƙi ko ta 1946. Ambulan mai kan sarkin nasara da aka aika daga Gusau ko Nguru, da adireshi da hatimin isowa a baya, ya fi kan sarkin da aka cire daga jikinsa daraja sau da yawa. Wasiƙun da sojoji suka aiko daga fagen fama galibi ma ba su da kan sarki, kyauta ake ɗaukar musu, sai hatimin gidan wayar soja mai lamba da na jami'in da ya karanta ya tace. In irin wannan ta fito daga adakar wani ɗan mazan jiya, a zare ƙusa ko allurar da ta yi tsatsa a jikinta a hankali, a bar takardar ciki tare da ambulan ɗinta, a shimfiɗa ta a kube ba tare da an ƙara mata wani ninki ba. Sunan mai ita da rundunarsa da abin da iyali suka sani a rubuta su a wata takarda daban, da fensir, a ajiye a gefenta.